Daga Maraɗi Zuwa Kantin Kwari: Bin Sawun Lamba Ta 47

Wannan karon ba zancen alli da allo na zo muku da shi ba. Labarin wata tafiya ce da na yi zuwa Kano cikin babban hutun shekarar 2024, tafiyar da ban shirya mata ba, kunya ce ta fitar da ni daga gida. Na ga ya kamata in ba ku labarin, don na san da yawa daga cikinku, ko iyalinku, yanzu ta salula suke sayen tufafi da takalma da kayan ɗaki, kuma abin da ya same mu yana iya samun kowa.

Bari in fara da kundinmu. Mu malaman lakwal na unguwarmu muna da wani zaure a WhatsApp wanda asalinsa don adashe muka buɗe shi. Da aka rufe iyakar Najeriya cikin watan Agusta na 2019, zuwa Kano ya yi wuya, sai mutane suka shiga tambayar juna: wa ya san mai atamfa na kirki? Wa ke da lambar mai takalman yara? Tambayar ta yi yawa har ta dame mu, sai wani matashin malami mai koyar da lissafi ya ce a tattara amsoshin wuri guda. Ya zana mana jadawali a intanet, irin wanda kowa ke iya buɗewa da salularsa. Kowane layi mai kaya guda ne: sunansa, abin da yake sayarwa, kasuwar da yake, lambarsa, kuɗɗin kayan, da sunan wanda ya kawo shi. Wanda aka ji daɗin ciniki da shi a shafa masa kore, wanda ake shakka a shafa masa ruwan ɗorawa, wanda ya ci amana a shafa masa ja. Ba gomnati ta yi shi ba, ba kamfani ba, ba a kuma biyan kowa ko dala. An buɗe iyaka cikin Disamban 2020, amma kundi bai mutu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, har matan unguwa da ba su taɓa riƙe alli ba suka shigo.

Yadda cinikin yake kuwa shi ne: ka duba kundi, ka kira mai kaya, ya turo maka hotuna, ku yi ciniki. Sai ka kai sefa wurin ɗan canji a nan Maraɗi, shi kuma ya tura naira daga asusunsa na bankin Najeriya zuwa na mai kaya. Mai kaya ya ɗaure maka su cikin jakar bakko, ya rubuta sunanka da lambarka a jiki, ya ba direba a tasha. Bayan kwana biyu ko uku direba ya kira ka. Abin ya ƙara armashi bayan faɗuwar naira: jikka guda da a 2019 take ba ka wajen Naira 600, a 2024 ta haura Naira 2,000. Kowa ya ga araha.

Lamba ta 47 a cikin kundin ni na shigar da ita da hannuna a shekarar 2022. Wani shagon atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, inda na yi sayayyar Sallah sau biyu ban ga komi ba sai alheri. Na rubuta lambar da aka ba ni a shagon, na shafa kore, na sa sunana a gefe, na manta da zancen.

To, akwai wata malama da muke aiki tare, ta girme ni, shi ya sa Yaya nake ce mata. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da gida, ga shi babban ɗanta zai yi aure bayan damina. Ta kwashi adashenta, ta haɗa da kuɗɗin tunkiya biyu da ta sayar, jikka 180 cif, ta tura wa lamba ta 47 don haɗa lefe. Aka ce mata gobe, aka ce jibi, aka ce direba ne ya yi rashin lafiya. Ran kwana na tara salular ta daina shiga. Da ta zo gidana ba ta ɗaga murya ba. Ta gaisa da maiɗakina, ta sha ruwa, sa'an nan ta ce, "Mushe, ni fa ban san Bakano ba. Sunanka na gani a gefe." Ta tashi ta tafi. Daren nan ban runtsa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Kwana uku bayan haka na ɗauki katin shaidata da ɗan littafin rubutu, na kwafe sunayen masu kayan Kano da ke cikin kundi, su 63, na nufi tasha da sassafe.

Wanda bai bi hanyar Ɗan Isa da damina ba bai ga ƙasarmu cikin adonta ba. Gero ya yi tsawo har ya rufe bukkoki, tabkuna sun cika, yara na kora awaki a gefen kwalta. Mu tara ne cikin motar, kuma ba mu kai Ɗan Isa ba sai da kowa ya san abin da ke kai kowa Kano. Hirar duk ta iyaka ce. Ba a daɗe da buɗe ta ba, don bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an sake rufe ta, sai cikin Maris na 2024 aka buɗe. Wani dattijo mai fataucin fatu ya ce shi tun yana yaro ake rufe iyakar nan ana buɗewa, amma bai taɓa ganin ranar da aka rasa goron Najeriya a Maraɗi ko wake na Nijar a Kano ba. Wani kuma ya kawo zancen jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa cikin Fabrairun 2021. Direba ya yi dariya ya ce kafin jirgi ya iso dai shi ne jirgin.

Muka tsallaka Magama ta Jibiya rana ba ta yi zafi ba, don hanyar nan ba a son bin ta da duhu saboda halin da tsaro yake ciki. A Katsina muka sake mota. Duk sa'ad da na shiga garin nan sai in tuna abin da nake koya wa ƴan aji shida, cewa sarakunan Katsina da jihadi ya kora farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa Maraɗi. Iyakar da muka tsallaka ta raba takardu ne kurum, ba ta raba dangi ba. Daga nan sai Caranci, sai Kankiya, sai Tsanyawa, sai Bici, sai Dawanau inda manyan motoci ke jere ana loda hatsi da riɗi. Tafiyar duka ta haura kilomita 250, amma tsaye-tsayen hanya suka sa sai bayan la'asar muka shiga Kano.

Na sauka a Fagge wurin wani ɗan ƙanen mahaifina, tela ne, ya shekara goma sha a can. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ajiye almakashi ya ce, "Yaya, kai da ka yi karatu, ka taɓa jin an yi cinikin biri a sama an wanye lafiya?" Ban ce komi ba, don ba ni da bakin magana.

Fagge da ma can masaukin baƙi ce. A bayan ganuwa take, kuma nan ayarin raƙuman da ke zuwa daga arewa, daga wajenmu ke nan, suke sauke kaya tun zamanin da. A gefenta Kantin Kwari take, wurin da Kwarori, wato ƴan Sham da Labanan, suka kafa kantunan yadi zamanin Turawa, kafin ƴan ƙasa su karɓe harkar. Yau ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma.

Washegari da hantsi muka shiga. Jama'a, gani ya kori ji. Kasuwar ba rumfuna ba ce irin namu, gidaje ne manya-manya masu hawa biyu da uku, kowane gida da sunansa, kowane gida cike da shaguna kamar saƙar zuma. Tsakanin gidajen kuma ƴan tebura sun cike hanya. Ga masu dako da dila bisa kai suna "Hanya! Hanya!", ga masu baro, ga Adaidaita Sahu na neman wurin juyawa. Kunnena ya ji Zabarmanci, ya ji Larabcin Cadi, ya ji Fillancin Kamaru, ya ji Barbarci. Atamfa jibge tun daga ƙasa har rufi, shadda na ƙyalli, leshi na reto. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusan kowane shago akwai yaro tsaye ya ware turmin atamfa, wani na ɗaukarsa hoto da salula. Ashe rabin masu sayen ba su cikin kasuwar. Suna Yamai, suna Damagaram, suna Marwa, suna Kumasi, suna kwance bisa tabarma kamar yadda mu ma muke yi.

Ban sha wuyar gane shagon ba. Alhajin na zaune inda na bar shi shekara biyu da suka wuce. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa, sa'an nan na miƙa masa salulata na nuna masa lambar da takardar shaidar tura kuɗɗi. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Malam, wannan lambar ba tawa ba ce. Ta wani yaro ce da ya yi mini aiki. Ni ban iya wannan latse-latsen ba, shi ke riƙe da masu saye na nesa. Ya bar nan wata goma sha ɗaya ke nan."

Nan take na gane inda ɗakinmu ke yoyo. Ni shago na yarda da shi, amma lamba na rubuta. Shago na nan bai motsa ba, lamba kuwa ta sa takalmi ta yi tafiyarta. Duk watannin da iyaka take rufe babu wanda ya leƙo daga cikinmu, kore kuwa na nan shar bisa layin kamar jiya aka shafa. Akwai kuma wani sakaci na biyu. A Najeriya, in za ka tura kuɗɗi, da ka sa lambar asusu mai alƙalami 10 sai sunan mai asusun ya fito kafin ka tura. Ɗan canjinmu ya ga sunan ba na Alhaji ba ne, ya tambaya, aka ce masa ai na yaron shago ne, shi ke nan ya tura.

Na zaci Alhaji zai ce Allah ya kiyaye gaba, ya sallame ni. A shari'a ba na bin sa komi. Amma sai ya yi shiru, can ya ce, "Ban ci kuɗin marainiyar Allah ba, amma da sunana aka ci. Shekara talatin ina gina sunan nan." Ya aika aka kira masa kawun yaron, wanda shi ne ya kawo shi shagon tun farko, yana da tebur a wani layi can ciki. Aka kira dattawa biyu maƙwabta suka zauna shaida. Ni dai ina gefe ina kallon yadda kasuwa ke yin shari'arta, ba ɗan sanda ba alƙali. Kawun ya yi ta share gumi. Ya ce yaron ya shiga bashi ne, yana karɓar kuɗɗin wannan ya biya wancan, har abin ya rufta da shi. Aka tsaya bisa cewa Alhaji zai ba ni kaya na jikka 120 nan take, ya bi dangin yaron, sauran jikka 60 kuma kawun zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Aka rubuta, kowa ya sa hannu. Na kira Yaya da hoto mai motsi, ta zaɓi atamfofinta da idonta, tana yi tana goge hawaye da gefen mayafi.

Da yake ina da sauran kwana huɗu, sai na ce bari in bi sauran sunayen. Na zagaya Kwari, na je Sabon Gari wajen masu takalma da kayan kicin, na shiga Kasuwar Kurmi da ke cikin birni, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, don akwai mai kayan fata guda a kundinmu. Cikin 63 na samu ganin 19. Goma sha huɗu na nan inda aka rubuta. Uku sun sake shago ba mu sani ba. Biyu kuwa ba su da shago sam. Irin waɗanda ake kira ƴan kayi-na-yi ne: su ɗauki hoton kayan wani, su ɗora ribarsu, in ka turo kuɗɗi su je su sayo su aiko maka. Ɗaya daga cikinsu bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, ni dillali ne, ƙafata nake sayarwa." Na ga gaskiyarsa. Dillanci ba sata ba ne, sana'a ce tun kaka da kakanni. Laifin shi ne a ce maka mai shago ne alhali dillali ne, don ran da abu ya ɓaci ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

A wannan yawo na koyi abin da hoto ba ya faɗi. Wani tsoho mai atamfa ya juya mini turmi biyu masu zane iri ɗaya. Ta ainihi, launinta ciki da waje duk ɗaya ne, ta kwaikwayo kuwa bayanta ya kode. Ya nuna mini bakin zanen, inda ake buga sunan kamfani da lambar zane, ya ce har wannan ma ana kwaikwaya. Atamfar Holan ta Vlisco, kamfanin da ke aiki tun 1846, da shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, kowace tana da ƴan uwa na jabu bila adadin, kuma a fuskar salula duk ƙyallinsu ɗaya. Hannu ne ke rarrabewa, hannu kuwa ba ya bin waya. Ya ce shi ba ya ƙin sayar da mai araha, kowa da ƙarfinsa, amma a kira ta da sunanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani saurayi mai shagon jakunkunan mata. Da ya ga ina duba littafina sai ya yi murmushi ya buɗe salularsa, ya nuna mini nasu kundin. Ashe su ma masu sayar mana suna da irinsa. Nasu na masu kaya ne na ƙasar Sin, waɗanda ke bisa shafin 1688 na kamfanin Alibaba, shafin da aka yi don ƴan sarin cikin ƙasar, da harshensu da kuɗɗinsu. Tun da ba su jin harshen, sai su bi ta hannun wakili a birnin Guangzhou ko Yiwu. Shi zai biya, ya karɓi kaya a sito, ya buɗe ya ɗauki hoto ya turo, in sun yarda ya auna ya ɗoro bisa jirgin sama a biya da kilo, ko ya sa cikin kwantena ta ruwa zuwa Ikko. A kundinsu akwai layin masu kaya, akwai layin wakilai, akwai kuma wani dogon layi na waɗanda aka yi wa jan alƙalami. Na ce ikon Allah! Mu muna dogara da Kano, Kano na dogara da Sin, kowa na riƙe da takardar da ƴan uwansa suka rubuta masa.

Da dare, kwance bisa tabarma a shagon ɗan uwana, kekunan ɗinki na ta ƙara har tsakar dare, sai tunanin fataken da ya zo mini, masu zuwa Gwanja sayen goro. Su ma ba su san kowa ba a Salaga. Amma suna da madugu mai jan ayari, suna da jagaba wanda ya san hanya, in sun isa kuma suna da fatoma mai masauki, wanda zai ajiye musu kaya, ya haɗa su da mai saye, ya tsaya musu in an ba da bashi. Kundinmu shi ne jagaba da fatoma na wannan zamani. Bambancin guda ne: fatoma mutum ne mai gida da fuska, in ya yi maka ƙarya ka san inda za ka same shi, kuma kullum yana cikin kasuwa yana ganin wanda ya tashi da wanda ya faɗi. Takarda kuwa ba ta zuwa kasuwa. Abin da aka rubuta mata bara shi za ta faɗa maka bana.

Da na komo gida muka kira taro a farfajiyar lakwal, muka sake wa kundi tsari. Ga abin da muka tsayar, ko wani zaure zai amfana. Na farko, kowane layi sai an rubuta ranar da aka yi ciniki na ƙarshe, in ya wata shida babu wanda ya saya, kore ya koma ruwan ɗorawa da kansa. Na biyu, ba lamba kurum ba, sai an rubuta kasuwa da gida da layi, da lambar mai shagon shi kansa, da sunan da ke bisa asusun banki. In sunan da ya fito wurin ɗan canji ya saɓa, a dakata. Na uku, a bayyana ko mai shago ne ko dillali. Na huɗu, mutum uku kaɗai ke da ikon sake lamba a kundi, su ma sai sun kira da hoto mai motsi sun ga mutumin tsaye cikin shagonsa. Na biyar, sabon mai kaya a fara gwada shi da turmi guda, kada a zuba masa adashe gaba ɗaya. Na shida, duk wanda hanya ta kai shi Kano ya ɗauki sunaye biyar ya leƙa, ko da gaisuwa ce. Na bakwai, kada a shafa wa kowa ja sai an ji ta bakinsa, don ɓata sunan ɗan kasuwa bisa zargi shi ma cin amana ne.

An ɗaura auren ɗan Yaya bayan an cire amfanin gona, lefe kuma bai ba da kunya ba. Cikin jikka 60 da suka rage, 25 sun iso hannunta ta wurin direba, sauran muna jira. Lamba ta 47 na nan cikin kundi, da sabuwar lamba, da kore, da sunana a gefe. Amma yanzu duk farkon wata sai na kira Alhaji mun gaisa, in tambaye shi kasuwa, ya tambaye ni yara.